Sankarar jini ta AML a jikin dattijo: haɗin venetoclax da azacitidine, da abin da ya rataya a wuyan iyali

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mu mazauna Hindawiyya ne a Makka. Mahaifinmu shekararsa 77, yana da ciwon suga, zuciyarsa ma ba ta da ƙarfi sosai. Ya jima yana fama da kasala da zazzaɓi, dasashinsa yana jini. Da aka ɗebi ɓargonsa sai aka ce sankarar jini ce mai suna AML. Likitoci sun ce jikinsa ba zai ɗauki maganin sankara na kimawi mai ƙarfi ba, za su haɗa masa allurar azacitidine da ƙwayar venetoclax. Yayyena maza suna ganin an sallama shi ne, lallashinmu kawai ake yi. Haka ne? Kuma me ya kamata mu sani kafin a fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce.

Ki gaya wa yayyenki ba a sallama shi ba. Wannan haɗin shi ne ake ba mai irin shekarun Baba da irin lafiyarsa a manyan asibitocin jini, a Riyad ko Jidda ko Landan ko Amurka. Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen: ga mafi yawan masu shekaru irin nasa maganin ba ya tumɓuke cutar har abada. Danne ta yake yi, ɓargo ya koma aiki, mutum ya samu watanni, wani ya samu shekaru, yana gidansa cikin iyalinsa.

A ɓargo ake ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar da muke shaƙa, fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, musamman waɗanda ake kira nutrofil, da filatilet masu tsayar da zubar jini. A AML wasu ɗanyun ƙwayoyi da ake kira bilas suna hayayyafa ba sa nuna, har su cika ɓargon su hana sauran fitowa. Kasalar Baba ƙarancin jajaye ce, zazzaɓinsa ƙarancin nutrofil, jinin dasashi kuma ƙarancin filatilet. Cuta ce ta manya, rabin masu kamuwa da ita sun kai shekara 68 ko sun haura, kuma idan aka bar ta ba magani makonni ne zuwa 'yan watanni.

Kimawi mai ƙarfin da aka ce ba za a yi masa ba shi ne wanda likitoci ke kira 7+3: cytarabine ta jijiya dare da rana har kwana 7, da daunorubicin ko idarubicin kwana 3. Yana share ɓargo kakaf, mutum ya yi mako uku zuwa huɗu babu garkuwa, yana kwance a asibiti, kuma daunorubicin yana raunana tsokar zuciya. Dattijo mai shekara 77 da raunin zuciya da suga, maganin kansa na iya kashe shi kafin cutar ta yi. Ba shekaru kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko zuciya tana tura sama da kashi 50 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, da ƙarfin huhu da ƙoda da hanta, da ko mutum yana iya hidimar kansa. Mai shekara 68 da ke takawa masallaci ba gajiya zai iya ɗaukar 7+3, mai shekara 62 da ƙodarsa ta yi rauni ba zai iya ba. A yanayin Baba hukuncin likitocinsa daidai ne.

Kafin 2018 abin da ake da shi ga irinsu Baba shi ne azacitidine ko decitabine su kaɗai, ko cytarabine ɗan kaɗan, kuma amfaninsu bai taka kara ya karya ba. Babban binciken da ya sauya lamarin shi ne VIALE-A, wanda aka wallafa a 2020, a kan marasa lafiya 431 da matsakaicin shekarunsu 76 ne. Cikin waɗanda aka ba haɗin biyun, cutar ta lafa a ɓargon kashi 66 cikin 100, a masu azacitidine kaɗai kuwa kashi 28. Rabin masu haɗin sun wuce wata 14.7 a raye, rabin masu azacitidine kaɗai sun wuce wata 9.6. Ki lura da ma'anar wannan adadi, don iyalai da yawa suna ɗaukarsa kamar wa'adi aka yanke. Tsakiyar layi ne kawai: rabi ba su kai ba, rabi sun wuce, wasu sun wuce da nisa. Da aka ci gaba da bibiyarsu, fiye da kashi 37 na masu haɗin suna raye bayan shekara biyu, a ɗaya ɓangaren kusan kashi 17.

Dalilin haɗa su shi ne kowace ƙwayar jiki tana da hanyar da take bi ta mutu idan ta lalace, ƙwayar sankara kuwa ta kulle wannan ƙofar da sakata biyu. Babbar sakatar furotin ne mai suna BCL-2, kuma shi venetoclax ke zarewa. Ta biyun MCL-1 ce, wadda azacitidine ke sassautawa, ban da aikinsa na sake kunna wasu sassan ƙwayar halitta da sankarar ta kashe. Ko wanne shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar sosai. Shi ya sa kuma haɗin ke da sauri: maganin zagaye-zagaye ake yin sa, kowanne kwana 28, kuma yawanci a zagaye na farko ko na biyu ake ganin lafawar, azacitidine kaɗai kuwa yakan ɗauki zagaye huɗu zuwa shida.

Tambaya ta farko da za ku yi wa likita ita ce sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta na ɓargon, domin AML ba iri ɗaya ba ce. Akwai nau'in APL, wanda maganinsa daban ne gaba ɗaya kuma ana warkewa daga gare shi ko da tsufa, dole a tabbatar ba shi ba ne. Idan an samu sauyin IDH1 akwai wani zaɓi, ivosidenib miligiram 500 kullum tare da azacitidine. A binciken AGILE na 2022 rabin masu wannan haɗi sun wuce wata 24 a raye, masu azacitidine kaɗai wata 7.9, kuma bai cika kayar da nutrofil kamar venetoclax ba, sai dai yana buƙatar sa ido a kan bugun zuciya. Ga masu shan venetoclax da azacitidine kuwa, da aka rarraba su bisa sauye-sauyen da ke cikin cutarsu, waɗanda ba su da TP53 ko FLT3-ITD ko NRAS ko KRAS matsakaicin rayuwarsu wata 26.5 ne, masu FLT3-ITD ko NRAS ko KRAS kimanin wata 12, masu TP53 kuwa wata 5.5. Tazarar tana da girma, kuma ita ce za ta gaya muku yawan wahalar da ya dace Baba ya jure. Idan TP53 ce, a ganina ku zauna da likita ku yi magana ta gaskiya a kan ko watannin da za a samu sun cancanci zaman asibitin da za a yi. Idan jikin Baba a daidaice yake, jiran 'yan kwanaki don sakamakon ya fito ba ya cutarwa.

Kafin ƙwayar farko akwai shiri. Fararen ƙwayoyin jini dole su sauka ƙasa da 25,000, idan sun haura a fara ba shi hydroxyurea. Dalili shi ne idan ƙwayoyin sankara masu yawa suka mutu a lokaci ɗaya, abin da ke cikinsu, wato fotasiyam da fosfet da yurik asid, yana kwarara cikin jini, ya toshe ƙoda ko ya hargitsa bugun zuciya. Don haka ake ba da allopurinol da ruwa tun kafin a fara, kuma ake hawa da venetoclax mataki-mataki: miligiram 100 ranar farko, 200 rana ta biyu, 400 rana ta uku, ana ɗibar jini kafin kowane ƙari da awa 6 zuwa 8 bayansa. Da wannan tsari kashi 1 cikin 100 ne kawai suka samu wannan matsala a VIALE-A. Mai raunin zuciya kamar Baba gara a kwantar da shi a waɗannan kwanaki, domin ruwan da zai kare ƙodarsa idan ya yi yawa zai taru masa a huhu. Kada ku ɗura masa ruwa da ƙiyasinku, ku nemi likita ya faɗi adadin lita. Ku kuma tabbatar an yi masa gwajin G6PD. Ƙarancin wannan sinadari ya yawaita a mutanenmu na Afirka ta Yamma da ma nan Saudiyya, kuma rasburicase, maganin gaggawa da ake saukar da yurik asid da shi, yana farfasa jajayen ƙwayoyin mai wannan ƙaranci. A duba ciwon hanta nau'in B ma, don yakan farka idan garkuwa ta faɗi, kuma akwai ƙwayar da ke hana hakan.

Azacitidine ana lissafa shi da faɗin jiki, miligiram 75 a kowace murabba'in mita, kwana 7 a cikin zagaye mai kwana 28. Dattijo mai matsakaicin jiki, a ce mita 1.7, zai samu kimanin miligiram 128, wato ruwan allura da ya ɗan wuce mililita 5, shi ya sa za ki ga an raba shi sirinji biyu an yi a wuri biyu ƙarƙashin fata, a ciki ko cinya ko dantse, ana canza wuri kullum. Wurin yakan yi ja ya yi zafi kwana biyu, ba abin tsoro ba ne. Inda sashen ba ya aiki Juma'a da Asabar ana yin Lahadi zuwa Alhamis, a huta kwana biyu, a cika da Lahadi da Litinin, kuma hakan karɓaɓɓe ne. Maganin hana amai da ake haɗawa da shi, ondansetron, yana ƙulle ciki, to a nemi mai laushin bayan gida na sha tun ranar farko. Gashi yawanci ba ya zubewa.

Venetoclax sau ɗaya ake sha a rana, a lokaci ɗaya, tare da abinci, a haɗiye da ruwa ba a tauna ba, ba a daka ba. Da cikin wofi kaɗan ne ke shiga jini. Idan an manta kuma ba a wuce awa 8 ba a sha, idan an wuce a bari sai gobe. Idan ya yi amai bayan sha ba a ƙarawa.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne haɗuwarsa da wasu magunguna. Hanta tana narkar da venetoclax ta wata hanya mai suna CYP3A. Magungunan rigakafin fangas, wato cutar fumfuna, da ake ba masu AML suna toshe wannan hanya, sai venetoclax ya taru a jini ninki da yawa. Don haka idan Baba yana kan posaconazole, venetoclax ɗinsa miligiram 70 ne, ba 400 ba. Idan voriconazole ne, 100. Idan fluconazole ko isavuconazole ne, a rage aƙalla rabi. Idan kun ga an rubuta masa ƙwaya ɗaya ta 100 alhali wani mara lafiya a ɗakin yana shan huɗu, kada ku ce an tauye shi, abin da ke jininsu kusan ɗaya ne. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka canza ɗaya aka manta da ɗayan. Idan aka tsayar da posaconazole aka bar venetoclax a kan 70, ya zama ba ya samun magani. Idan aka fara posaconazole aka bar venetoclax a kan 400, ɓargonsa zai kwanta makonni. Duk ranar da aka taɓa maganin fangas, ki tambaya da bakinki: venetoclax fa, nawa ne yanzu? Clarithromycin da ciprofloxacin, waɗanda ake rubutawa a ƙananan asibitocin unguwa don tari ko ciwon fitsari, suna ɗaga venetoclax a jini. Haka diltiazem da verapamil da amiodarone na zuciya, kuma wannan ya shafi Baba kai tsaye, a kai duk kwalayen magungunansa gaban likitan jini. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya akasin haka suke yi, suna kore shi daga jini har ya zama kamar ba a sha ba. Garehul da lemo mai ɗaci da ake yin jam da shi a bar su gaba ɗaya. Haɗe-haɗen masu maganin gargajiya da na Islamiyya, na kwalba da na ƙulli, a dakata da su, domin ba a auna yadda suke yi da wannan ƙwaya ba, wasu kuma suna ɗauke da fumfuna. Zamzam da addu'a da ruƙiyya babu mai hana shi.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a zagaye na farko. A mako na biyu da na uku jinin Baba zai faɗi fiye da yadda yake yau. Nutrofil na iya kaiwa kusan sifili, za a riƙa ƙara masa jini da filatilet, wani lokaci sau biyu ko uku a mako. A nan ne iyalai ke cewa maganin ne ke kashe shi, su nemi a tsaya. Gwajin jini na hannu ba zai bambance ko cutar ce ke danne ɓargon ko maganin ba. Abin da zai bambance shi ne a sake ɗibar ɓargo tsakanin rana ta 21 da ta 28. Na san ɗibar ɓargo tana da zafi kuma tsofaffi suna gudunta, amma wannan ɗin kada a tsallake shi. Idan bilas sun sauka ƙasa da kashi 5, cutar ta lafa, sai a tsayar da venetoclax, a jinkirta zagaye na biyu har zuwa mako biyu, a iya ba shi allurar filgrastim mai tayar da nutrofil, a jira nutrofil ya haura 500, filatilet 50,000. Idan kuwa bilas suna nan da yawa, ba a jira, ana shiga zagaye na biyu. Hanya biyu ne masu saɓani, kuma wanda bai duba ɓargo ba cikin duhu zai zaɓa. Bayan lafawa ana rage kwanakin venetoclax zuwa 21 a zagaye, sau da yawa zuwa 14, wani har ƙasa da haka, tazarar zagaye ta koma mako biyar ko shida, a wasu lokuta a rage azacitidine ma. Mafi yawan waɗanda maganin ya karɓe su sai da aka yi musu irin wannan ragi. Ci gaba da kwana 28 cur a kowane zagaye bayan cutar ta lafa yana daga cikin abubuwan da ke jefa dattijo cikin cutar da ba zai tashi ba.

Zazzaɓi shi ne abin da zai iya ɗauke shi a dare ɗaya. A VIALE-A kashi 42 na masu haɗin sun yi zazzaɓi a lokacin da nutrofil ɗinsu ke ƙasa. Ku sayi ma'aunin zafi, ku auna safe da yamma da duk lokacin da ya ce ba ya jin daɗi. Da ya kai digiri 38, ko ya kama rawar sanyi, ko numfashi ya yi sama-sama, ko ya fara rikicewar magana ko da jikin ba zafi, ku nufi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, nan take, ko ƙarfe uku na dare ne. Kada a ba shi Panadol a ce a ga safiya, yana rufe zazzaɓin ne cutar tana ci. Da isarku ku ce mai AML ne a kan kimawi, nutrofil ɗinsa a ƙasa, domin ƙa'ida ita ce a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Ku riƙe takarda a aljihunsa mai sunan cutar da magungunansa da adadinsu da sakamakon jini na ƙarshe. A lokacin aikin Hajji da goman ƙarshe na Ramadan hanyoyin Makka suna cushewa, ku san tun yanzu wace hanya za ku bi kuma motar wa. Za a iya ba shi levofloxacin da aciclovir na rigakafi. Levofloxacin yakan hargitsa suga, ya hau ko ya faɗi, to a ƙara yawan aunawa.

A gida, ƙaho haramun ne gare shi a likitance har sai likita ya ce filatilet da nutrofil sun dawo, domin tsagar na iya ƙin tsayawa kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Haka sakiya da cire haƙori da allurar tsoka, da duk abin da ake turawa ta dubura. Ɗanyen nonon raƙumi da duk madarar da ba a tafasa ba a bar su. Asuwaki mai tauri yana fasa dasashi, a koma buroshi mai laushi, aski kuma da inji, ban da reza. Ibuprofen da diclofenac kada su shiga bakinsa. Idan yana shan asfirin ko wani mai tsinka jini saboda zuciya, likitan jini da na zuciya su yanke hukunci tare, kada ku tsayar ko ku ci gaba da kanku. Abinci a dafa shi ya nuna, a ci da zafinsa, 'ya'yan itace a wanke a fere. Dubiya hakkin musulmi ce, kuma gidan dattijo a unguwa irin taku ba ya rabuwa da jama'a, amma a makonnin da nutrofil ke ƙasa a taƙaita: mutum biyu a lokaci guda, a wanke hannu, mai mura ko tari ya gaishe shi ta waya. Cunkoson Harami da ɗawafi a jira sai jini ya farfaɗo tsakanin zagaye, a je lokacin da mutane suka ragu, da takunkumi, a kan keke. Azumi a watannin farko ban ba da shawararsa ba, saboda ƙoda da suga da zafin Makka, kuma mara lafiya yana da rangwame a shari'a.

Yayyenki da ke son yin wani abu, ga aiki: su tara masu ba da jini. Filatilet kwana 5 zuwa 7 kawai yake yi a ajiya, don haka bankin jini kullum cikin nema yake. Yawanci ana ƙara filatilet idan ya sauka ƙasa da 10,000 ko ana zubar jini, jajaye kuma idan himogulobin, wato ma'aunin ƙarfin jini, ya sauka wajen 7 zuwa 8, mai ciwon zuciya a kan ɗan ɗaga masa. Su bayar wa bankin a madadinsa. Jinin ɗa ko ɗan'uwa na jini ba a sa wa mara lafiya kai tsaye sai an haska shi da na'ura, domin fararen ƙwayoyin dangi na iya kama jikinsa da yaƙi.

Maganin ba shi da ranar gamawa, ana ci gaba muddin yana aiki kuma jiki na ɗauka. Venetoclax yana da tsada, to ku fara neman amincewar inshora ko ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin tun kafin a sallame shi, don kada a samu giɓi a tsakiyar zagaye. Idan bayan zagaye biyu, iyaka zuwa huɗu, ɓargo bai lafa ba, da wuya ƙari ya canza wani abu. Idan kuma ta lafa ta dawo, a sake gwajin ƙwayoyin halitta, domin idan FLT3 ya bayyana akwai gilteritinib na sha. In babu irin wannan, abin da ya rage shi ne ƙarin jini da hydroxyurea da maganin ciwo da na numfashi, kuma likitocin sauƙaƙa wahala sun fi kowa iya wannan, gara a san su tun da wuri.

Baba kansa a gaya masa abin da ke damunsa, da lafazi mai taushi, a gaban wanda ya fi yarda da shi. Shi zai fara jin sanyin zazzaɓi a jikinsa, kuma idan bai san haɗarin ba zai yi shiru don kada ya tayar muku da hankali. Yana iya kasancewa yana da wasiyya ko bashi ko sha'awar ganin 'yan'uwa a gida Najeriya ko Nijar. Idan tafiya yake so, lokacinta shi ne bayan cutar ta lafa, a tsakanin zagaye biyu, da izinin likita da sakamakon jini na kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, da maganin da zai ishe shi, kuma sai kun tabbatar garin da za shi akwai asibitin da ke iya ba da filatilet a ranar da aka nema.